Kafin a ɗaura wa yaran Zango tabaran VR, a tambayi yaron da ke bencin baya

Duk mai tallar na'urar VR da ya shigo makaranta hujjarsa ɗaya ce, kuma tsohuwa ce a wurinmu: gani ya kori ji. Me zai sa malami ya yi ta fama da alli yana zana zuciya a allo, alhali ana iya ɗaura wa yaro tabarau mai rufe ido ruf, ya tsinci kansa a cikin zuciyar, jini na wuce shi dama da hagu? Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Zangon Kumasi, kuma ba na musu, abin yana burge ni. Makarantu da yawa a unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, ba su da ɗakin gwaji. Yaro kan zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare bai taɓa leƙa na'urar ganin ƙwayoyin halitta ba. Don haka ina cikin masu son abin ya zo. Sai dai ina da sharaɗi: duk wasan kimiyyar da za a ƙera wa wannan na'ura, a fara gwada shi da yaron da ajinmu na yanzu ya riga ya kayar, kuma a bar linzamin wasan a hannun yaron. In ba a yi haka ba, kada a taɓa kuɗin jama'a a saya.

Yaran da nake nufi kowane malami ya san su, ko da bai san sunan abin da ke tare da su ba. Akwai mai otizim, wanda ƙarar fanka ko ihun 'yan aji ke sa shi toshe kunne ya kifa kai a tebur. Akwai mai ADHD, wanda ya fahimci tambaya sarai, amma kafin ya rubuta amsa hankalinsa ya bi aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ta wuce ta taga. Akwai mai disleksiya, wanda in ka yi masa bayani da baki ya riga kowa kamawa, in ka miƙa masa takarda sai baƙaƙen su cakuɗe masa. Ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take, hanyar da take bi ce daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, masu bincike kuma kan sa ADHD a wajen kashi 5 cikin 100 na yara. Ke nan ajin da ya tara yara hamsin ko sittin da wuya a rasa biyu ko uku a ciki. A Zango kuwa sunayen da muke ba su daban ne: daƙiƙi, mai taurin kai, mai ƙiriniya. In abin ya yi tsanani a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wurin mai ruƙiyya. Ƙalilan ne aka taɓa kaiwa gaban likitan da zai rubuta takarda ya ce ga abin da ke akwai.

A kan takarda Ghana ta yi nata. Akwai dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, mai lamba 715. A 2012 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2015 kuma Ma'aikatar Ilimi ta fitar da manufar karantar da kowane yaro tare da sauran yara, wadda ta nemi a tsara koyarwa tun daga tushe yadda za ta ɗauki kowa. Amma a tuna abin da ya faru da gine-gine. Dokar 2006 ta ba da shekara goma a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya cika a 2016, kuma duk mai yawo a gari ya ga irin gyaran da aka yi a wurare da yawa: gini ya gama tsayuwa, sannan a liƙa masa gangaren siminti a gefe, mai tsinin da ko lafiyayye sai ya yi nishi. Abin da nake tsoro ke nan a wasannin nan. A gama ƙera wasa don yaron da ba shi da matsala, sannan a ƙarshe a maƙala masa wani maɓalli a ce na masu buƙata ta musamman ne, a rubuta a rahoto cewa an cika sharaɗi.

Ba don komai nake damuwa ba sai don na'urar tana da abin da za ta ba waɗannan yara fiye da kowa. Cikin tabarau babu idon 'yan aji. Yaro zai iya haɗa waya da batir da ƙwan fitila ya kuskure sau goma, ba wanda zai yi masa dariya, ba malamin da haƙurinsa zai ƙare. Wanda karatu ke wahalar da shi zai iya ɗaukar ƙwayar zarra da hannu ya juya ta, ba sai ya haura shafi biyu na Turanci kafin ya isa gare ta ba. Wanda ba ya iya zama an ba shi darasin da ake yi da jiki. Manhajar kimiyyarmu kuma cike take da abubuwan da ido ba ya gani, ko dai don ƙanƙanta, ko don girma, ko don haɗari: yadda jini ke zagaya jiki, yadda duniya ke kewaya rana, abin da ke faruwa in ruwan batir ya haɗu da ƙarfe.

To amma shin gani yana korar ji kullum? Binciken da aka yi bai ba masu talla gaskiya gaba ɗaya ba. Guido Makransky na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2019, inda suka sa ɗaliban jami'a 52 suka yi darasin ɗakin gwaji iri ɗaya a tabaran VR da kuma a fuskar kwamfuta. A cikin tabarau ɗaliban sun fi jin kamar suna wurin da gaske, amma abin da suka koya ya fi ƙaranci. Kafin wannan, a 2018, Jocelyn Parong da Richard Mayer a Kalifoniya sun gwada darasin jikin ɗan Adam: waɗanda suka kalli hotuna da rubutu kawai sun fi masu tabarau cin gwaji, duk da cewa masu tabarau sun fi jin daɗin darasin. Abin da ya fi jan hankalina a aikinsu shi ne kashi na biyu. Da aka yanka darasin VR ɗin gida-gida, ana tsayawa ɗalibi ya taƙaita abin da ya gani kafin a ci gaba, sai sakamakon ya gyaru. Ashe ba na'urar ce ke koyarwa ba, tsarin darasin ne. Kuma waɗannan manya ne 'yan jami'a. In ƙyale-ƙyalen da ke cikin tabarau na iya ɗauke hankalin ɗan jami'a daga darasi, ina ga yaro mai ADHD ɗan shekara goma sha uku?

Ga mai otizim abin ya wuce ɗauke hankali. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya sa yawan jin zafin ƙara, haske ko taɓawa, ko kuma ƙarancin jinsu, cikin alamomin otizim. Yaron da hayaniyar aji ta dama yana iya toshe kunne, ko ya juya ya kalli bango. In ka ɗaura masa tabarau ka kunna wasa mai kiɗa da walƙiya, ka toshe masa duk wata mafita, domin duk inda ya juya wasan na nan. Sannan ga jiri. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana gudu a cikin jijiyar jini, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki kuma yana cewa a zaune ake, sai saɓanin nan ya zama tashin zuciya da zufa. Masu ƙera wasa sun san maganinsa: kada hoto ya motsa sai yaro ne ya motsa shi, a riƙa tsallakawa daga wuri zuwa wuri maimakon tafiya a sulale, kuma hoton ya riƙa sabuntawa da sauri, sau 72 zuwa 90 a daƙiƙa ɗaya. Yaro mai magana zai ce, Malam, kaina na juyawa. Wanda magana ke masa wuya sai dai ka ga ya fizge na'urar ya jefar, a kuma ce ya cika ɓarna. Batun walƙiya kuwa ba na wasa ba ne ga mai farfaɗiya. A watan Disamba na 1997 an kai yara sama da 600 asibiti a Japan bayan wani shirin katun a talabijin ya yi walƙiyar ja da shuɗi da sauri. Ƙa'idar ƙungiyar W3C, mai shimfiɗa dokokin shafukan intanet, ita ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, kuma a 2021 ƙungiyar ta fitar da takarda ta musamman kan buƙatun masu lalura a irin wannan fasaha. Mai ƙera wasan da bai karanta ta ba bai shirya ba.

Nan ne maganar maɓalli ɗaya na masu buƙata ta musamman take rushewa. Buƙatun yaran nan suna karo da juna. Wannan yana son shiru da launi mai sanyi, wancan in wasan ya yi shiru minti ɗaya ya tafi. Mai disleksiya yana son murya ta karanta masa komai, wani mai otizim kuma muryar ce ke damunsa, ya fi son rubutu gajere da zai duba a nitse. Ko a tsakanin masu otizim kansu, wani gudun ƙara yake, wani neman ta yake. Maɓalli ɗaya wa zai yi wa aiki? Kuma wa zai danna shi? In aka ce sai mai takardar likita, an fitar da kusan duk yaran Zango da abin ya shafa. In aka ce malami ya zaɓa, an sa wa yaro tambari a gaban 'yan ajinsu, kuma mun san yadda suna ke bin yaro har gida a unguwanninmu. Mafita ita ce kowane yaro, mai lalura da marar lalura, ya tarar da zaɓi iri ɗaya da zarar ya shiga: ƙarfin murya, kiɗa ko babu kiɗa, hasken hoto, girman rubutu, a zaune ko a tsaye, hannu ɗaya ko biyu. Kuma wasan ya fara daga mafi sauƙi, shiru ba kiɗa, wanda yake son hayaniya ya ƙara da kansa. Ƙara abu ya fi sauƙi a kan neman inda za ka rage shi alhali ka riga ka firgita.

A ɗauki darasin zagayawar jini. Yaro yana tsaye wuri ɗaya, zuciya tana gabansa ba ta bugawa sai ya taɓa ta. Murya ta ce, yanzu za ka ji bugun zuciya, ka shirya? Ya bi ɗigon jini ɗaya daga zuciya zuwa huhu, a tsaya. A tambaye shi me ya canza, ya amsa da nuni, ko da baki, ko ta ɗora abu a inda ya dace. In ya kuskure jinin ya koma inda ya fito, a nuna masa dalili, ba ƙararrawa ba jan rubutu. Maɓallin tsayawa yana wuri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma in ya danna shi, sabbin na'urori masu kyamara a gaba suna iya nuna masa ɗakin da yake ciki da fuskar malaminsa ba tare da ya cire tabaran ba. Malami kuma yana ganin abin da yaron ke gani a wayarsa. Ba agogon da ke ƙirga masa lokaci, ba allon da ke jera na ɗaya da na ƙarshe. Waɗannan biyun su ne gishirin wasannin kwamfuta, na sani, kuma masu ƙira ba sa son rabuwa da su. To a bar su ga wanda ya nema. Yaron da ya shekara bakwai yana jin sunansa a ƙarshen sakamako ba ya buƙatar wata na'ura ta maimaita masa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ba ya yi maka ƙari sai ka biya na jiya ya zauna, kuma ba a wanke allonka don na kusa da kai ya wanke nasa. Ba ina cewa makarantar allo aljannar mai otizim ba ce, hayaniyarta kaɗai ta ishe shi, ga kuma bulala. Amma tafiyar kowa da saurinsa mun san ta tun kafin boko ya zo da aji ɗaya, shafi ɗaya, ƙararrawa ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da mai ƙira a Amurka ko Turai ba zai taɓa tunawa da su ba sai an gaya masa. Rabin ajina 'yan mata ne masu hijabi, a ƙarƙashinsa kuma akwai kitso. Maɗaurin na'urar an yi shi ne don kan da ba komai a kansa, kuma yarinyar da taɓawa ke damunta ba za ta yarda wani ya tsaya yana ja mata hijabi don ya daidaita maɗauri ba. Na'urar Quest 2 ta kamfanin Meta nauyinta ya ɗan haura rabin kilo, kuma yawancinsa a goshi yake, ga zafin watan Maris a ajin da ba fanka. Tazarar gilasanta mataki uku ne, milimita 58, 63 da 68, yaro mai ƙaramar fuska yana iya faɗawa ƙasa da haka, hoto ya yi masa dishi-dishi. Kamfanin da kansa shekara 13 ya sa a matsayin mafi ƙarancin shekaru, sai a 2023 ya sauko zuwa 10 da sharaɗin kulawar iyaye, don haka ƙananan 'yan firamare ba sa cikin lissafi. Sannan soson da ke manne wa fuska zai bi fuska hamsin a yini. A ƙasar da aka fara gano ciwon idon nan na Apolo a 1969, kuma har yau yana zagayowa, wanda ya kawo na'ura ba tare da murfin da ake gogewa ba ya kawo annoba ne.

Harshe ma haka. Yaron Zango yana Hausa a gida, Twi da muke kira Tonanci a kasuwa, Larabci a makaranta, Turanci a boko. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ke koyarwa a makarantu, saboda haka ko an ce a fassara wasa zuwa harsunan gida, za a yi Twi da Ewe da Ga da Dagbani a wuce mu. Ga yaro mai disleksiya, muryar da ke bayani da Turancin Amurka nauyi biyu ne aka ɗora masa. Ɗaukar murya da Hausa kuwa shi ne abu mafi arha a duk aikin, masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon Zango za su iya shi a mako guda. Abin da ake buƙata kawai shi ne a gina wasan yadda za a iya sauya muryar ba sai an koma wurin kamfani ba. Kalmomin jarrabawa su zauna da Turanci, tun da da shi za a tambaye shi, bayanin kuma ya zo da harshen da yake tunani da shi.

Wa zai gaya wa masu ƙira duk wannan? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wata uwa ta taɓa zuwa wurina kan ɗanta da ya yi kwanaki yana ƙin shiga aji. Na ce, Hajiya, ban taɓa shi ba, ban yi masa tsawa ba. Ta ce, Malam, ai ka canza masa wurin zama ne. In za ka canza masa abu, ka gaya masa tun jiya. Ba ta taɓa ganin tabaran VR ba, amma ta faɗi ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a ƙirar wasan: kada komai ya faɗo wa yaro ba sanarwa. Irin waɗannan iyaye, da yaran kansu, da manyan da suka girma da otizim ko disleksiya, su ya kamata su zauna da masu ƙira tun wasan yana zane a takarda, kuma a biya su lokacinsu. Kayan aikin duk suna kusa. Makarantar yara masu buƙata ta musamman ta Garden City tana Asokore Mampong, maƙwabtanmu. Jami'ar KNUST ta kimiyya da fasaha da ke nan Kumasi tana da masu ilimin kwamfuta da cibiyar nazarin nakasa da farfaɗo da masu ita. Jami'ar Ilimi ta Winneba ta daɗe tana horar da malaman ilimi na musamman. A Accra kamfanin Leti Arts yana ƙera wasanni tun 2009. Abu ɗaya zan roƙa: in an zauna, a tuna darasin kimiyya ake ƙerawa. Da yawa daga abin da ake yi wa masu otizim da VR horo ne na yadda za su kalli mutane a ido ko su gaisa kamar kowa. Wannan wani aiki ne daban. Yaron da ya haddace sunayen duniyoyi da nisansu daga rana yana da haƙƙin a koya masa ilimin taurari don kansa, ba a mayar da darasin asibiti ba.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, kuma suna da gaskiya: makarantar da yara uku ke zama a benci ɗaya, ina ita ina tabarau? Mafi arhar na'urar Meta, Quest 3S da ta fito a 2024, dala 299 aka sa mata lokacin fitowarta, kafin kuɗin jirgi da na kwastan, batirinta kuma wajen awa biyu yake yi. Duk wanda ya rayu a shekarun dumso, na yawan ɗauke wutar lantarki, ya san me ake nufi da dogaro da caji. Amsata ita ce wannan ma dalili ne na ƙira mai kyau. Wasan da ya dace shi ne wanda darasinsa ke tafiya a waya da kwamfuta ma, domin akwai yaron da ba zai taɓa yarda a rufe masa ido ba, kuma bai kamata ya rasa darasin saboda haka ba. Gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta na PhET, waɗanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta kimiyyar fiziks, ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002, kyauta ne, ana sauke su a yi aiki da su ba intanet, kuma an sa wa wasunsu bayanin murya da sauti don masu lalura. Makarantar da ba ta fara da wannan ba, ban ga dalilin da za ta tsallaka zuwa tabarau ba.

In kuma Ma'aikatar Ilimi, ko Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, ko wata ƙungiyar agaji ta tashi saye, a sa a yarjejeniya cewa wasan zai yi aiki ba intanet kuma zai ci gaba da aiki ko kamfanin ya janye. Google ya fito da shirin Expeditions na yawon ilimi da VR a 2015, makarantu a ƙasashe da dama suka sayi kaya dominsa, a watan Yunin 2021 ya rufe shi. A kuma rubuta inda bayanan yaran za su tafi, domin na'urar tana bin motsin kai da hannu daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta shafi yaro kamar yadda ta shafi babba.

Saura abin da ba kamfani ba ma'aikata da za ta iya gyarawa sai mu malamai. Na ga yadda ake yi da kwamfutocin da aka kawo gudummawa: a kulle su a ofishin shugaban makaranta, ranar da baƙi za su zo a fito da su, a zaɓo yara biyar masu ƙoƙari da tsabtar yunifom a zaunar a gabansu. Yaron da ake tsoron zai fasa, ko zai yi ihu a gaban baƙi, ranar ma a kan ce ya zauna a gida. Don haka duk makarantar da za a ba na'urar nan a nemi jadawalinta a rubuce, da sunan kowane yaro a aji da ranar da zai shiga, minti goma zuwa sha biyar kowane zama, a ɗaki mai shiru, da malamin da yaron ya saba da shi a gefensa. Jami'in da ke zagayen duba makarantu kuma, in ya zo, jadawalin zai nema ya gani, ya kira yara uku daga ciki da ka ya tambaye su me suka gani a cikin zuciyar.